MADGE MAI GYARAN FARCE, MATAR DA TALLA TA CINYE WA SUNA

'Yar'uwa mai karatu, kafin mu shiga labarinmu ina roƙonki ki ɗan kife littafin nan a cinyarki, ki buɗe hannuwanki biyu ki dube su da kyau. In dai ke ce mai wanke-wanken gidanku safe da rana da dare, to ba sai na faɗa miki abin da za ki gani ba. Ga kaushi a tafi, ga farce ya karye ta gefe, ga tsakanin yatsu ya yi fari saboda daɗewa a cikin ruwa. Mace takan iya ɓoye damuwarta da murmushi, ta ɓoye ramarta da babban mayafi, amma shi hannu ba ya rufa wa kowa asiri. To a kan irin wannan hannu naki ne wata mata Ba'amurkiya ta ci abinci har tsawon shekara 27, aka san fuskarta a ƙasashe da dama, amma kuma a dalilin haka sunan da iyayenta suka raɗa mata ya kusa ɓacewa.

Sunanta Jan Miner. In da za ki tare dattawan Amurka ki ambaci wannan suna, da yawa shiru za su yi suna dubanki. Amma ki ce musu Madge mai gyaran farce, ta tallar sabulun wanke-wanke na Palmolive, nan da nan za ki ga fuska ta washe, wasu ma har su shiga kwaikwayon maganarta. Labarinta nake so in ba ki, don akwai abin lura a cikinsa ga duk macen da ta taɓa zama ta yi tagumi tana tunanin ina za ta kama.

Da farko ya kamata ki san irin 'yar wasan da take. Kin san a wasan kwaikwayo akwai taurari, wato saurayi da budurwar da aka gina labarin a kansu, su ne ake buga hotonsu, su ne 'yan mata ke haddace sunansu. Bayan su kuma akwai waɗanda ake nema in ana son uwa, ko goggo, ko mai raino, ko maƙwabciya mai tsegumi, ko tsohuwar da ke faɗin gaskiya ba ta tsoron kowa. Waɗannan ba kyau ake nema a wurinsu ba, hali ake nema, a ga mutum ya fito minti biyu kacal amma mai kallo ya ce wallahi akwai irinta a unguwarmu. Ba a cika tunawa da sunansu ba, amma ranar da babu su sai wasa ya zama miya ba gishiri. Jan Miner a wannan layi take tun farkonta har ƙarshenta.

An haife ta a birnin Boston ranar 15 ga watan Oktoba na 1917. Mahaifinta likitan haƙori ne, mahaifiyarta kuwa mai zane ce, saboda haka ba abin mamaki ba ne da ita ma ta fara da shiga makarantar koyon zane ta Vesper George da ke nan Boston. Sai dai zuciyarta ba a kan takarda da fenti take ba, a kan dandamalin wasa take. Ta nemi ilimin abin sosai, har ta yi karatu a hannun Lee Strasberg, malamin da ya yaye manyan 'yan wasan Amurka masu yawa. Ki riƙe wannan a ranki, domin matar da duniya za ta sani da tsoma hannun mutane a ruwan sabulu ba da ka ta shiga sana'ar ba, zama ta yi ta koya.

Abincinta na farko a rediyo ta same shi. A shekarun 1930 zuwa 1950 akwatin rediyo shi ne abokin hirar matar gida a Amurka. Miji ya tafi aiki, yara sun tafi makaranta, ita kaɗai ce a gida da shara da wanki da guga, sai ta murɗa rediyo. Masu sayar da sabulu suka lura da haka, irin su kamfanin Procter & Gamble da Lever Brothers da Colgate-Palmolive, sai suka shiga ɗaukar nauyin wasannin kwaikwayo na soyayya da rikicin gida, minti goma sha biyar kullum daga Litinin zuwa Juma'a, a tsakiya kuma a sako tallar sabulu. Kowace rana sai a yanke labarin a daidai inda ya fi daɗi, don gobe ma ki dawo. Wannan ne ya sa har yau Amurkawa ke kiran irin waɗannan shirye-shirye masu dogon zango da wani laƙabi mai ma'anar wasan sabulu.

A wannan fage Jan Miner ta yi fice. Ta fito a matsayin Della Street, sakatariyar lauya Perry Mason. Ta fito a matsayin Mary a shirin Boston Blackie, da 'yar jarida Ann Williams a shirin Casey mai ɗaukar hoto. Wanda ya fi ɗaukaka ta kuwa shi ne Hilltop House, inda ta zama Julie Erickson, mai kula da gidan marayu, matar da kullum take tsakanin hidimar 'ya'yan wasu da neman nata farin cikin. Ta shafe shekaru tana wannan, mata suna kuka da kukanta suna dariya da dariyarta, alhali mafi yawansu ba su taɓa ganin fuskarta ba, murya kawai suka sani. A nan ta koyi abin da ba a koyarwa a aji, wato yadda ake yi wa matar gida magana ta ji kamar 'yar'uwarta ce ta leƙo ta katanga.

Ana nan ana nan sai duniya ta yi juyin nan nata, don masu iya magana sun ce rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Talabijin ya shigo. A 1950 gidajen Amurka masu talabijin ba su kai ɗaya cikin goma ba, amma kafin 1960 ta ƙare kusan tara cikin goma sun mallaka. Masu sabulu suka kwashi kuɗinsu suka koma inda idon mata ya koma. Aka rufe Hilltop House a 1957. A watan Nuwamba na 1960 kuma gidan rediyon CBS ya rufe ragowar wasannin rana da suka saura a rana ɗaya, har da Ma Perkins wanda ake yi tun 1933. Sana'a guda cur ta mutu a tsaye, mutanen da suka yi shekara ashirin suna ci da murya suka wayi gari babu mai neman muryarsu.

Ki duba halin da take ciki a lokacin. Shekararta 43. A rediyo babu ruwan kowa da shekarunki, mace mai jika tana iya fitowa a budurwa in dai muryarta ta yarda. Amma kyamara ba ta da kunya, duk wata tamoji da furfura sai ta nuna. A wannan sana'a kuwa macen da ta haura arba'in an fara yi mata kallon ta kwana biyu, matsayin da ake ba ta sai ya yi ta raguwa. Ta ɗan taɓa wasannin talabijin, ta kuma koma ga abin da ta fi so tun asali, wato wasan dandamali a birnin Niyok, inda ake yi a gaban jama'a ido da ido. Sai dai shi wasan dandamali daraja gare shi, kuɗi kam ba shi da tabbas. Ana iya shafe makonni ana gwaji, a buɗe wasa, masu sharhi a jarida su kushe shi, a rufe kafin sati ya zagayo, kowa ya koma neman wani. Wanda yake wannan rayuwa kullum a cikin lissafin kuɗin haya yake.

To a nan ne sabulu ya sake shigowa rayuwarta ta wata ƙofar. Shi Palmolive tsohon suna ne. Tun 1898 wani kamfani a birnin Milwaukee ya fara yin sabulun wanka da manja da man zaitun, daga sunayen waɗannan biyun a Turance aka haɗa sunan. A 1928 suka haɗe da Colgate masu man goge baki. A 1966 sai suka fito da sabon abu, sabulun wanke-wanke na ruwa, kore shar a cikin gora. Matsalar ita ce sun tarar da kasuwa ta cika, ga su Joy ga su Ivory ga su Lux, kowa yana cewa nasa ya fi kumfa, nasa ya fi cire maiƙo. In kai ma ka zo kana faɗin haka, wa zai waiwaye ka?

Aka miƙa aikin ga kamfanin shirya talla na Ted Bates, wanda ya yi suna da wata ƙa'ida guda: ka nemi magana ɗaya tak da za ka faɗa a kan kayanka, ka yi ta maimaita ta ba gajiya har ta zauna a kan mutane. Maganar da suka zaɓa ba ta shafi kwano ko tukunya ba sam. Hannu suka kama. Suka ce wannan sabulu yana tausasa hannu a yayin da kike wanke-wanke. Saura kuma wa zai faɗa mata su yarda? In aka sa budurwa mai santalan yatsu, matar gida za ta ce wannan ai ba ta taɓa kankare ƙanzo ba. In aka sa namiji da farar rigar likita, za ta ce me ya sani a kan wanke-wanke? Sai suka ƙirƙiro Madge, mace mai matsakaicin shekaru wadda sana'arta ke nan duba hannuwan mata daga safe zuwa yamma a shagon gyaran gashi da farce. Suka ba Jan Miner, tana gab da cika shekara hamsin.

Bari in kwatanta miki yadda tallar take, don kusan duk iri ɗaya ce. Za ki ga mace ta zo gyaran farce ta zauna a gaban Madge, hannunta ɗaya a tsome cikin wani ɗan ƙaramin kwano mai koren ruwa. Madge ta ɗaga ɗaya hannun ta duba, ta yatsina fuska, ta sakar mata baƙar magana cikin raha, irin a ce wannan hannu ai jinya yake bukata. Matar ta yi ajiyar zuciya ta ce wanke-wanke ne ya mai da shi haka. Madge ta ce to ki gwada Palmolive mana. Daga nan sai ta faɗi maganar da Amurkawa suka haddace kamar karatun allo:

"Ai a cikinsa ma hannunki yake."

Matar ta zabura ta fizge hannu, "Sabulun wanke-wanke?"

Madge ta kama hannun ta mayar cikin kwanon a hankali, kamar mai lallashin yaro, "Kwantar da hankalinki, Palmolive ne."

Sai a nuna bayan sati biyu matar ta dawo tana murna tana yaba wa Madge. Shi ke nan, duka-duka abin bai wuce minti ɗaya ba.

Wannan 'yar taƙaitacciyar hira ita aka yi ta juyawa daga 1966 har 1992. Matan da ke zama a kujerar suna canzawa, salon gyaran gashi yana canzawa, yayin tufafi ya zo ya wuce, shugabannin Amurka shida suka zauna a kan mulki a tsakanin, daga Johnson har zuwa Bush na farko, Madge tana nan da ɗan kwanonta. Yarinyar da ta fara ganinta tana rarrafe a gaban talabijin, sai da ta yi aure ta haihu tana ganinta. Aka kai tallar ƙasashen waje aka sauya mata suna, a Jamus da Ostiriya da Suwizalan ana ce mata Tilly, a Faransa Françoise. A Ostareliya kuwa wata 'yar wasa ce daban mai suna Robina Beard ta riƙe matsayin, amma da sunan Madge ɗin dai.

Kada ki ɗauka abin sa'a ce kawai. Ki gwada faɗin magana ɗaya sau ɗari ki ji yadda take mutuwa a bakinki. Ita kuwa sai da ta yi shekara 27 tana faɗin tata, kowane lokaci kamar yanzu ta faɗo mata. Kuma ki lura da wuyar matsayin. Madge tana kushe hannun mace a gaban duniya, wanda in aka ɗan ƙara gishiri sai ta zama mai wulaƙanci, mata su tsane ta su tsani sabulun. In kuma aka rage sai ta zama mai daɗin bakin 'yan kasuwa, a ƙi yarda da ita. Jan Miner ta bi ta tsakiya, ta fito da irin yayar nan ko ƙanwar uwa da kowa ke da ita a dangi, mai baki kamar reza amma cikinta fari fat, wadda in ta ce miki abu kaza ya yi, kin san ba don ta faranta miki ta faɗa ba. Shekarun da ta yi a rediyo tana hira da matan gida su ne suka yi mata rana a nan.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya sa na ɗauko labarin. Me ta yi da abin da ta samu? A Amurka ɗan wasan da ya yi talla ba sau ɗaya ake biyansa a sallame shi ba, ƙungiyarsu ta 'yan wasa ta tsaya sai an riƙa biya muddin ana ci gaba da nuna tallar. Ga shi kuma ɗaukar talla ba ya cin lokaci kamar wasan dandamali da ake yi dare bayan dare. Ashe ke nan ta sami abin da 'yan wasa ƙalilan ke samu, kuɗin shiga tabbatacce da kuma lokacin kanta. Wata da ta samu haka sai ta miƙe ƙafa, ta ce wahala ta ƙare. Ita kuwa sai ta mai da kuɗin sabulu jarin abin da ranta ke so. Daga lokacin ba ta ƙara karɓar wasa don yunwa ba, sai wanda ta ga ya yi mata, ko da ladansa bai taka kara ya karya ba.

Ki ji kaɗan daga abin da ta yi a cikin waɗannan shekaru da mutane ke zaton gyaran farce kawai take yi. Ta yi shekaru tana fitowa a gidan wasannin Shakespeare da ke garin Stratford a jihar Connecticut. A 1970 ta fito a wasan Othello a matsayin Emilia, matar da ta tona asirin makircin mijinta don ta wanke uwar ɗakinta daga ƙazafi, ta kuwa rasa ranta a kan haka. A 1977 a Niyok ta zama mai rainon Juliet a wasan Romeo da Juliet, tsohuwa mai surutu da ke kai saƙo tsakanin masoya. A 1983 ta hau dandamali ɗaya da Rex Harrison, babban ɗan wasan Ingila. A fim kuma, a 1974 ta fito a matsayin uwar Dustin Hoffman a cikin Lenny, fim ɗin da ya shiga takarar kyautar Oscar, a 1990 kuma ta fito a shugabar mata masu hidimar coci a fim ɗin Mermaids tare da mawaƙiya Cher. A tsakiyar shekarun 1980, tana dab da saba'in, ta samu abin da irinta ba su cika samu ba, aka ɗora wasa guda a kanta, ta fito a matsayin marubuciyar nan Gertrude Stein. Da rana Amurka tana kallonta tana tsoma hannu a kwano, da dare tana gaban 'yan ɗaruruwan mutane tana aikin da ta yi wa karatu.

Ko a gida ma rayuwarta ta zauna a wannan tsakani. Ta yi aure a baya bai ɗore ba, sai a 1963 ta auri Richard Merrell, shi ma mutumin harkar wasa ne, suka zauna tare shekara 35 har mutuwa ta raba su a 1998.

Amma fa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da talla ta karɓa a hannunta shi ne sunanta. Wasan dandamali mutum ɗari biyar ko dubu ke gani a dare ɗaya, talla kuwa miliyoyi ke gani kullum, ko suna so ko ba sa so. Saboda haka a idon jama'a babu wata Emilia, babu mai rainon Juliet, Madge kawai suka sani. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mutum nawa ne suka san Samanja sunansa Usman Baba Pategi kafin rasuwarsa a 2023? Marigayi Rabilu Musa ma har ya koma ga Mahaliccinsa a 2014 Ibro ake ce masa. Sai dai su aƙalla sunan wasan da suka gina da kansu ne ya rufe nasu. Ita kuwa sunan da 'yan kasuwa suka ƙirƙira don sayar da sabulu ne ya hau kan aikin shekara hamsin ya zauna. A cikin 'yan wasa kuma ba a rasa masu yi wa mai talla kallon wanda ya sayar da mutuncin sana'a.

Abin da ya burge ni da ita shi ne ba ta yi abin nan na cin tuwo a zagi tukunya ba. Ba ta ɓoye Madge, ba ta kuma jin kunyarta. An ruwaito ta tana cewa a shirye take ta yi ta tsoma hannu a Palmolive har ƙarshen ranta, tunda shi ne ya ba ta 'yancin zaɓen wasan da take so. Ta san abin da ta sayar, ta san abin da ta saya da kuɗin, ta auna ta ga cinikin ya yi mata. Ta ajiye tallar a 1992 tana da shekara 74 ko 75, ta rasu ranar 15 ga Fabrairu na 2004 a garin Bethel na jihar Connecticut tana da shekara 86. Da jaridun Amurka suka tashi ba da labarin mutuwarta, a kanun labarin ma sai da suka haɗa da Madge, don in ba haka ba masu karatu ba za su gane wadda ake nufi ba. Sai can a cikin labarin za ki tarar da su Shakespeare da sauran aikin da ta fi alfahari da shi.

Kafin in rufe, akwai wata 'yar magana da ba zan bari ta wuce ba, don kada ki ce na zo ina taya su talla. Duk iya wasan Jan Miner, talla dai talla ce. Aikin kowane sabulun wanke-wanke shi ne ya narkar da maiƙo, fatar hannunki kuwa da ɗan maiƙon da ke jikinta take samun laushi, saboda haka wani sabulu yana iya fin wani sauƙi a hannu, amma babu wanda zai zame miki man shafawa. Masu tallar sun gane cewa matar gida ba kwano ne ke damunta ba, abin da ke damunta shi ne kada aiki ya tsofar da ita ba wanda ya lura, sai suka taɓa ta a daidai nan. Don haka duk ranar da kika ga wata mai kama da goggonki a talabijin tana rantse miki a kan wani mai ko wani sabulu, ki ji daɗin wasan, amma ki tuna biyanta aka yi. In kin gama wanke-wanke ki ɗauraye hannunki ki shafa mai, ko man kaɗanya ne, ya fi miki alkawarin kowa.

Ita kuwa rayuwar matar, ga abin da na tsinta a ciki. Da yawa daga cikinmu muna da abin da zuciya ke so, wata karatu ne da aure ya katse, wata ɗinki, wata koyarwa, wata rubutu. Muna kuma da ɗan abin da ke kawo na cefane, ƙuli-ƙuli ne ko kitso ko ƙanƙara ko 'yan kunne a cikin jaka, wanda wani lokaci har kunyar a gan mu da shi muke ji. Sai ki ga mace ta raina ƙaramin tana jiran babban, har shekaru su tafi ba ta samu ko ɗaya ba. Wata kuma ƙaramin ya karɓe ta, kuɗi ya fara shigowa, sai ta manta da dalilin da ya sa ta fara, a ƙare a adashi da anko. Jan Miner sana'arta ta rushe tana da shekara 43, a lokacin da ake ganin ta gama yayi. Ta karɓi aikin da wasu ke rainawa ta yi shi da iyakar gwanintarta, ta kuma hana shi ya cinye ta gaba ɗaya. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni. Sai dai gatari ba don a rataye shi a ɗaka ake riƙe shi ba, sai an san itacen da za a sara.

Mutanen unguwa suna iya yi miki laƙabi da abin da kike sayarwa, a ce Maman ƙosai ko Hajiya mai atamfa, har yara su tashi ba su san sunanki ba. Wannan ba abin damuwa ba ne matuƙar ke ba ki manta da shi ba, kuma kin san inda ribar take tafiya.

To 'yar'uwa, ga kwanuka can suna jiranki, kada in tsare ki da surutu. Allah Ya sa albarka a hannuwanmu da abin da suke nemowa, amin. Sai mun haɗu a shafi na gaba.